Shinkafar da ke Cikin Ɓuntu

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi: wai bayan rasuwar mahaifinku na rufe wa matan unguwa ƙofar bayan inji, na tona asirin mamaci, na raba gida biyu saboda maganar wata ɗaliba. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma Funtuwa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Ku ma ba ku taɓa tambayata ba, kuma na san kunya ce ta hana ku. To ga yadda aka yi. Abin da na gani da idona zan faɗa, da abin da aka faɗa a kunnena. Wanda ban sani ba zan ce ban sani ba. Shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo ba su bar mini ɗabi'ar da ta wuce wannan ba.

Injin gyaran shinkafar nan da ke bakin hanyar Malumfashi mahaifinku ne ya kafa shi tare da ƙaninsa, Baba Garba. Kaso mafi girma na mahaifinku ne, shi ya sa da na fita takaba, ku kuma duk kuna makaranta, na fara zuwa ina zama a kujerarsa don in riƙe muku abin da ya zama naku. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Manoma da 'yan kasuwa su kawo shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, a turara ta, a shanya, a zuba a inji ya cashe. Mai kaya ya biya ladan inji ya ɗauki shinkafarsa. Ɓawon da aka cire, shi ne ɓuntu, wannan na mai inji ne, haka al'adar take a ko'ina. Akwai fanka a jikin injin da ke hura ɓuntun ta wani dogon bututu ya zube a bayan katanga, ya taru kamar tudu.

A gindin tudun nan matan unguwa ke wuni. Da hantsi za su shigo ta ƙofar baya da faifansu da ƙwaryarsu, su yi ta bakace ɓuntu suna fitar da tsakin shinkafar da ya biyo shi. Yawancinsu zawarawa ne da tsofaffi masu riƙon jikoki. Babbarsu ita ce Inna Kulu, doguwar tsohuwa mai kaifin baki, wadda jikoki marayu ke hannunta. Ita ke raba wa kowa wurin zama, ita ke sasanta faɗa. Idan sun gama da tudu sai leburori su cinna masa wuta. Ɓuntu kuwa ba ya ci da harshe, ci yake a hankali ta ciki, kwana da kwanaki yana fitar da hayaƙi mai ɗaci. Hayaƙin nan ya shiga ɗakunan maƙwabta, ya shiga makarantar Islamiyya da ke bayanmu, ya shiga ƙirjin matan da ke zaune kusa da shi. Jami'an kula da muhalli suka zo suka yi gargaɗi, suka sake dawowa suka ce in ba a daina ba za su garƙame wurin. Ga itacen turara yana ƙara tsada kullum, ga janareta yana shan gas kamar an huda shi. Halin da na tarar ke nan.

A shekarar ne jami'a ta fara tura ɗalibanta masana'antu na wasu watanni, su koyi aiki, su kuma duba inda ake ɓarnar mai da wuta da inda ake gurɓata iska da ruwa. Manyan kamfanonin gari suka kwashi samari. Mu aka turo mana Rashida, 'yar Alhaji Ganiyu, Bayaraben nan da muke sayen kayan gyaran inji, su bel da boris, a shagonsa. A Funtuwa aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasunku. Ranar da ta zo, da hular kwano a kan hijabinta, Baba Garba ya kalle ta sama da ƙasa ya kalle ni.

"Manaja mace, injiniya mace," in ji shi. "Saura mu ɗaura wa injin ɗankwali."

"Baba Alhaji, in ɗankwali zai rage masa shan gas, ni zan sayo," in ji Rashida.

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ina so ku riƙe wannan: da farko shi ya fi kowa sonta.

Makonnin farko ba ta taɓa komai ba. Bin abubuwa kawai take yi. Ta bi gas daga jarka har inda ya zama hayaƙi, ta bi ruwa daga rijiya har kwata, ta bi buhu daga bakin ƙofa har ya koma kan mota. Sai ta fara kawo mini abin da ta gani, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kumbura magana ba. Bel ya saki, rabin ƙarfin inji a zamewa yake tafiya. Ana barin janareta yana ruri babu kaya a inji duk lokacin da aka tafi salla ko cin abinci. Ruwan zafin da aka jiƙa shinkafa da shi ana kwarara shi a lungu ya yi wari, alhali in an haƙa masa rami ya kwanta, lambu zai sha. Babban aikinta shi ne murhu. Ta ce muna sayen itace da tsada a gaba, muna ƙona makamashi kyauta a baya. Ta zauna da wani mai walda da wani magini, suka gina murhun da ɓuntu ke gangarowa cikinsa kaɗan-kaɗan, iska na shiga ta ƙasa. Na farko ya ƙi ci, ya cika mana fili da hayaƙi, leburori suka yi ta mata waƙa. Suka rushe bakinsa suka sake. Na biyu ya kama da wuta mai tsabta, har kana iya tsayawa kusa da shi ba ka yi tari ba. Tsarin da muka yi shi ne mata su gama bakacensu tukuna, sannan a kwashe ɓuntun zuwa murhu. Ba wanda ya rasa komai. Malamin Islamiyya da kansa ya tako ya yi godiya. Baba Garba ya riƙa kawo abokansa yana nuna musu, yana cewa, "'Yarmu ce ta yi."

Sai ta kai ga fankar.

A bakin fankar akwai wani marfin ƙarfe da ake matsawa don a rage iska ko a ƙara. Rashida ta tarar an wangale shi an ɗaure da waya, wayar har ta yi tsatsa ta kama jikin ƙarfen. Ta auna buhun shanshera kafin ya shiga da shinkafar da ta fito, ta ga abin da ke fitowa bai kai yadda ya kamata ba. Iskar ta yi yawa, ba ɓuntu kaɗai take ɗauka ba, har da tsaki da ƙananan ƙwayoyi masu kyau, ga kuma ƙarin gas da fankar ke ja. Ta tambayi mai kula da injin, ya ce shi haka ya tarar. Ta ɗauko filaya ta yanke wayar, ta daidaita marfin. Ta shigo ofis da ɓuntu a hannu biyu, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Mama, duba. Wannan na jiya ne, wannan na yanzu. Hura ki gani."

Na hura na jiya, farar shinkafa ta rage a tafinta. Na hura na yanzu, babu abin da ya rage. Na ce Allah ya yi mata albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Ni da ita babu wadda ta ɗaga kai ta tuna wa ke zaune a ƙarshen bututun.

Kafin mako ya zagayo Inna Kulu ta shigo ofis. Ba ta taɓa shigowa ta ƙofar gaba ba sai ranar. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta ajiye ƙwaryarta a gabana. Abin da ke ciki bai rufe gindinta ba.

"Hajiya, ina gajiya, ina haƙurinmu."

"Haƙuri sai ma'aiki, Inna. Lafiya dai?"

"Wunina ke nan tun hantsi. Da can kafin azahar na cika wannan, na fara ta biyu. Tun da Alhaji ya kafa wurin nan ɓuntunsa daban yake da na kowa a garin nan, albarka gare shi. Yanzu ko dai albarkar ta bi shi kabari, ko kuma 'yar Yarabawan nan taki mai hular kwano ta yi wa injin wani abu. Ni dai na ga tana yawo da filaya."

Na ce ta ba ni lokaci in bincika. Da la'asar Baba Garba ya dawo daga kasuwa na faɗa masa. Ya wuce ɗakin inji da sauri, ya dawo da guntuwar wayar a hannunsa. Ya tura ƙofar ofis, ya rage murya.

"Wa ya sa ta?"

"Ba wanda ya sa ta. Aikin da aka turo ta ke nan."

"Hajiya, Yaya ne ya ɗaura wayar nan da hannunsa, ina tsaye. Ya ce matan nan ba za su karɓi sadaka ba, amma za su karɓi abin da guminsu ya fitar. Ya ce kada kowa ya ji, ko ke. Gobe da safe a mayar da ita yadda take, a rufe maganar."

Zan gaya muku gaskiya, abin da na fara ji shi ne son mahaifinku ya taso mini sabo. Halinsa ne sak. Mutum ne da ba ya iya ganin mai buƙata, kuma ba ya iya jure a yi masa godiya. Ya nemo hanyar da zai ciyar da gidaje ba tare da ko mace ɗaya ta durƙusa masa ba. Na kusa cewa to. Amma aikin labarai ya koya mini cewa duk labarin da ya yi daɗi da yawa, akwai tambayar da ba a yi ba. Na yi ta.

"Alhaji, shinkafar da iska ke ɗauka, ta wa ce?"

"Ta cikin ɓuntu? Ɓuntu namu ne. Abin da ke cikinsa namu ne. Ko'ina haka ake yi."

"Abin da ya zuba cikin ɓuntu da kansa, na yarda. Wanda muka buɗe marfi muka tura fa? Kafin ya shiga bututu, a buhun wa yake?"

Ya ajiye guntuwar wayar a kan tebur.

"Nan ba gidan rediyo ba ne, Hajiya. Ba hira ake da ni ba."

Amsar ba ta da wuya, shi ma ya san ta. Kaɗan ne daga shinkafar da ke ratsa injin nan tamu. Sauran ta masu kawo casa ce: ta manyan 'yan kasuwa, da ta ƙaramin manomin da ya ɗauro buhu ɗaya a bayan babur. Daga kowane buhu ana ɗiban abin da ba zai sa mai shi ya lura ba, a ba matan bayan katanga. Niyya mai kyau ce, da kayan mutane. Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a hannunsa, ban ambaci suna ba, ya faɗa mini abin da na riga na sani: haƙƙi ba ya faɗuwa don mai shi bai sani ba, kuma mamaci ba ya iya neman yafiya da bakinsa, sai dai na raye su nema masa. Daga nan abin ya daina zama maganar fanka a wurina. Mijina na kwance a ƙasa da haƙƙin mutane a kansa, kuma in na mayar da wayar, kullum ƙara masa nake yi, in ƙara wa kaina, in ciyar da ku da shi.

Rashida ta ji labari daga bakin leburori. Ta zo idonta ya yi ja, da sabuwar waya a hannu.

"Mama, wallahi ban sani ba. Ni asara na gani, a makaranta asara aka ce mu nema. Ban san abincin mutane ba ne. Ki bari in mayar, minti kaɗan ne."

"Awonki daidai ne ko kuskure?"

"Daidai ne."

"To ajiye wayar. Abu ɗaya za ki ƙara a kan karatunki: duk abin da kika ga yana zuba, kafin ki toshe, ki zagaya ki ga ko akwai mai tara hannu a ƙasa. Ni ma ban zagaya ba. Amma tunda mun gani, yanzu aikina ne, ba naki ba."

Mahaifinta ma ya rufe shago ya zo ba da haƙuri, yana cewa su baƙi ne, ba sa son a ce 'yarsu ta haɗa gida faɗa. Na ce masa wanda ya binne iyayensa a garin nan ba baƙo ba ne, kuma 'yarsa za ta ƙarasa watanninta a inda ta fara.

Abubuwa biyu na yanke. Na farko, marfin zai zauna inda Rashida ta sa shi, matan kuma za a ba su daga shinkafarmu ta kanmu, daga kasonku, duk Juma'a, a fili. Wadda ke da ƙarfi kuma ga aikin shanya da na murhu, da lada kamar kowa. Na biyu, zan nemi tsofaffin masu kawo mana casa in gaya musu, in roƙa wa mahaifinku gafara, wanda ya ce a biya shi a biya shi. Na farkon Baba Garba ya yi gunaguni ya haƙura. Na biyun ne ya raba mu.

"Za ki tara mutane ki ce musu Yaya ɓarawo ne?"

"Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Zan faɗi abin da ya yi da dalilin da ya sa ya yi."

"Mutumin da gari ya yi wa shaidar alheri? Ki bar shi ya kwanta da mutuncinsa!"

"Mutuncinsa a wurin mutane kake tsarewa, Alhaji. Ni inda yake yanzu nake tunani."

Ya ce in na yi, ba shi ba injin. Na ce ina roƙonsa kada ya tafi, amma zan yi.

Ban tara taro ba, wannan ƙari ne na masu ba da labari. Duk wanda ya kawo kaya cikin tsofaffin abokan hulɗa sai in sa a kira mini shi ofis, shi kaɗai. Abin da na gani ya bambanta. Wani babban ɗan kasuwa ya yi dariya ya ce ai ya daɗe da lura awon Alhaji na ɗan raguwa, ya ɗauka ladan tsaftar aikinsa ne, ya yafe duniya da lahira. Wasu suka yi kuka suka yi masa addu'a. Wasu suka yafe da baki, suka ɗauke kayansu zuwa wani inji, ba su sake dawowa ba. Wanda ba na mantawa shi ne Malam Audu, wani manomi daga Mahuta, da ke kawo buhunsa a kan babur duk kaka. Da na gama bayani ya cire hularsa yana murzawa.

"Hajiya, ni ma fa akwai shekarar da tuwon dare ya gagare mu a gidana."

"Na sani, Malam. Shi ya sa na kira ka."

"Da ya tambaye ni, da na ba su da hannuna. Ko tiya ɗaya ce, da ladan nawa ne."

Ya ce a ba shi lokaci. Sai da wata kakar ta zagayo ya dawo da buhunsa, ya leƙo ofis ya ce ya yafe. Duk wanda ya ce muku ba a cuci kowa ba, bai ga fuskar Malam Audu ba.

Mafi nauyi ita ce Inna Kulu. Ba na son ta ji a bakin titi, don haka na je gidanta da kaina da rana tsaka. Ta shimfiɗa mini tabarma, jikokinta na leƙe. Na faɗa mata komai, na faɗa mata tsarin Juma'a da aikin shanya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba.

"Ashe ba albarka ba ce," in ji ta. "Waya ce."

"Niyyarsa alheri ce, Inna."

"Na san Alhaji, ba sai kin gaya mini ba. Amma ni shekara da shekaru ina cewa yaran nan, ku ci, wannan gumin kakarku ne, abin da aka zubar ne hannuna ya mayar abinci. Yau kin zo kin ce mini rabon wasu nake ɗebowa. Me ya sa ba ki bar ni da abin da na sani ba?"

"Don za ki ji a wani wuri, kuma ba za a faɗa miki daidai ba."

"To na ji daidai. Shinkafar Juma'a kuma ki ba masu so. Ni ban taɓa tsayawa a layi da ƙwarya ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Aikin shanya kuwa, yaron da aka haifa a gabana ba zai riƙa duba agogo yana ce mini na makara ba."

Na roƙe ta, na aika mata shinkafar a ɓoye, ta mayar. Sauran matan yawancinsu sun karɓa, wasunsu har yau suna aiki a wurin, kun san su. Ita ta koma sayar da ƙuli-ƙuli da surfen gidajen mutane, a shekarun da ya kamata ta huta. Ta sha wuya, kuma hukuncina na cikin abin da ya jawo mata. Ban ɓoye wa kaina wannan ba. A nan na gane zurfin dabarar mahaifinku: ya san irin su Inna Kulu sarai, ya fi ni saninsu. Inda ya kuskure kawai, ba daga buhunsa ya zuba ba.

Baba Garba ya cika maganarsa. Ya cire kasonsa ya koma harkar taki a Malumfashi, ya daina shigowa gidan nan sai da dalili mai ƙarfi. Shi ya sa kuka ga a bukukuwanku yana zuwa ɗaurin aure ya juya daga ƙofa. Ban hana ku zuwa gaishe shi ba, kuma ina umartarku kada ku daina. Ɗan'uwansa yake karewa, ba wani abu ba. Shekarar da ta biyo baya ta yi mana tsanani, ga kasonsa na jari ya fita, ga masu kaya sun ragu. Murhun Rashida da gas ɗin da ta rage mana su suka riƙe injin har ya miƙe. Jami'an muhalli suka dawo suka ga babu tudu mai hayaƙi, suka tafi. Daga baya masu kaya suka fara dawowa da wasu, don labari ya bazu cewa awonmu ya fi cika. Rashida ta gama watanninta ta koma makaranta. Yanzu tana aiki a wata babbar masana'anta, kuma ita ke karɓar ɗaliban da ake turowa. Ta ce mini ranar farko ba ta kai su ɗakin inji, bayan katanga take fara kai su.

Ƙofar baya kuwa ba a taɓa rufe ta ba, ko na wuni ɗaya. Ku je ku duba, ko sakata ba ta da ita. Abin da ake shigowa nema ne ya ƙare.

Inna Kulu ta yi shekaru ba ta tako wurin ba. Sai wata kaka ina zaune a ofis na ji muryarta a fili tana yi wa lebura faɗa kan yadda ya jefar da buhu. Babban jikanta ya girma, ya samu aron fadama ya noma shinkafa, ita ce ta rako kayan da kanta a Keke Napep. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Na fito na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta tsaya a kan kayanta aka turara, ta dawo ranar casa ta zauna a bakin inji har aka ɗinke buhunan. Sai ta ce in zo. Muka zagaya bayan katanga a hankali, inda bututu ke zubar da ɓuntun shinkafarta. Ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta hura kamar yadda ta yi dubun dubata a wurin nan. Ta buɗe tafin ta duba. Ta sake ɗebowa daga wani gefen ta hura.

"Ko ƙwaya," in ji ta.

"Ko ƙwaya, Inna. Duk tana cikin buhunki."

Ta kakkaɓe hannunta a zane.

"Ina 'yar Yarabawan nan mai filaya?"

"Tana can birni, ta yi aure, har da 'ya'ya."

"In kun yi waya ki ce ina gaishe ta." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Ki sa a buɗe buhu ɗaya a ɗebi tiya biyu, a haɗa da ta Juma'a. Kada a ce daga ni ne."

Na sa aka ɗiba a gabanta, daga buhunta, da izininta. Ban faɗa wa kowa ba tana raye. Yanzu da ta riga mu gidan gaskiya, ku ne na farko da suka ji.